Shawara Ɗaukar Ɗaki: Wa Ke Da Baki A Majami'ar Katolika?

Manoma da makiyaya na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, a wannan wata mun kawo muku labarin waɗansu maƙwabtanmu ne. Ba su da yawa a cikinmu, amma kusan kowa ya san ɗaya ko biyu daga cikinsu. Wani mushen lakwal ne da aka turo ƙauye, wata ungozoma ce a ɗakin haihuwa, wani kuwa mai shagon kayan babur ne a bakin tasha. Watau Kiristoci ƴan Katolika. Tun shekarar 2021 su ke cikin wata babbar muhawara, daga birnin Roma har zuwa majami'arsu ta Maraɗi, a kan tambaya guda: in za a yanke magana a majami'a, wa ke da baki? Fada shi kaɗai, ko kuwa har da mai noman gero da matarsa?

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? To, akwai ruwansa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rijiya, ko na bankin hatsi, ko ya ga yadda aka ƙare da kuɗin ƙungiyar manoma ta garinsu, ya san wannan tambaya tun ba yau ba. Ana tara mutane, ana jin bakinsu, sa'an nan a waste, mutum biyu su shiga ɗaki su yanke abin da su ke so. Abin da ƴan Katolika ke neman magani ke nan a gidansu, kuma akwai abin dubawa a yadda su ke nemansa.

Su wane ne, ina su ke?

Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. A nan jahar Maraɗi kuma, yawancin Hausawan da suka shiga addinin Kirista ba ƴan Katolika ba ne. Sun fito ne daga aikin mishan ɗin SIM, wanda ya zauna a Tsibirin Gobir tun ƙarshen shekarun 1920, ya kuma kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Agiye daga baya. Su a wurinsu dattawan ikilisiya ke riƙe da al'amura tare da fasto, kuma jama'a ke zaɓensu. Wannan bai hana su rigimar shugabanci ba, gama ikilisiyarsu ta EERN ta tsage a wajen ƙarshen shekarun 1980. Amma dai tsarinsu daban ne.

Tsarin Katolika daga sama ya ke gangarowa. Fafaroma ke naɗa bishop, bishop ke tura fada, fada ke riƙe yankin da a ke kira faris. Aikinsu a Nijar ya soma a Yamai cikin 1931. A 1961 aka mai da ƙasar duka dayosis guda, watau ƙasar bishop ɗaya, aka danƙa wa Hippolyte Berlier, Bafaranshe. Shekara 40 ana nan haka. Ran 13 ga Maris 2001 aka raba ƙasar biyu, aka kafa dayosis na Maraɗi, aka ba Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, wanda ya riƙe fiye da shekara 20. Wanda ya gaje shi, Ignatius Anipu, mutumin Gana ne, an naɗa shi a ƙarshen 2023. Ɗan ƙasa na farko da ya zama bishop a Nijar shi ne Laurent Lompo, a 2013, kuma shi ne babban bishop na Yamai tun 2014.

Sunan dayosis ɗin Maraɗi ne, amma kada sunan ya ruɗe ku. Ya haɗa jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa, fili wajen murabba'in kilomita miliyan 1. Daga Maraɗi zuwa Difa kawai kimanin kilomita 700 ne. Firistoci kuwa ƴan kaɗan ne, a manyan garuruwa su ke zaune. Saboda haka ɗan Katolikan da aikin gwamnati ya kai shi wani ƙauye na Gangara ko Gidan Sori zai iya yin makonni bai sa fada a ido ba.

Akwai kuma wani abu. Da yawa daga cikin masu cika majami'ar Maraɗi ran Lahadi baƙi ne ko ƴaƴan baƙi: mutanen Benin da Togo da Burkina, da ƴan kasuwa daga kudancin Nijeriya. Wani Faransanci ya ke ji, wani Ingilishi, wani harshen garinsu kawai da ɗan Hausar kasuwa. In an zauna shawara, kafin a kai ga maganar da ta tara mutane, sai an fara warware da wane harshe za a yi ta. Wanda aka yi taro da harshen da ba ya ji, ko da an ba shi kujera a gaba, daidai ya ke da wanda bai zo ba.

Lahadin da babu fada

Inda fada ba ya zuwa sai jifa-jifa, mutumin da ke riƙe jama'a shi ne katekis, watau malamin koyar da addini. Ba firist ba ne. Yana da mata da ƴaƴa, sau da yawa yana da gonarsa, da damina yana fita da hauya kamar kowa. Ran Lahadi shi ke tara mutane, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi bayani, ya ja addu'a. Shi ke koya wa masu neman baftisma, shi ke raka gawa kushewa, shi a ke tasa da dare in mata da miji sun saɓa. Dokar ikilisiya ta 1983 ta yarda, in babu firist, wanda ba firist ba ya ja addu'a, ya yi baftisma, ya raba jibin da fada ya riga ya tsarkake. Abin da ba ta yarda masa ba shi ne ya yi Misa, watau babbar sujadarsu, ko ya saurari masu furta zunubi, ko ya shafa wa majinyaci mai.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan a ce wanda ba firist ba shi ya riƙe jama'a. Can yamma, a ƙasar Dolbel ta Songai, wani tsohon soja mai suna Antoine Douramane shi ya koma gida ya fara tara mutane, firistoci suka biyo bayansa. A zamaninmu kuma, bayan da ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin Satumba 2018, suka riƙe shi har Oktoba 2020, firistoci sun janye daga ƙauyuka da dama na wajen Makalondi, aka bar katekis da dattawa da nauyin jama'a. Sai a watan Mayu 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katekis muƙami tabbatacce wanda bishop ke naɗawa a gaban jama'a, namiji ko mace. Mutanen ƙauye sun riga takarda sanin darajar wannan aiki da shekaru masu yawa.

Bishop-bishop na Nijar da na Burkina Faso taro ɗaya gare su. Tun 1977 na Burkina suka zaɓi su kira ikilisiya iyalin Allah, suka kuma karkasa mabiya cikin ƙananan ƙungiyoyi na unguwa-unguwa. Gidaje kaɗan ne ke haɗuwa a tsakar gidan ɗayansu, yau nan gobe can, su yi addu'a, su duba wa ba shi da lafiya, wa aka yi wa rasuwa, ɗan wa aka koro daga lakwal don kuɗi. Suna da shugaba da magatakarda da ma'aji daga cikinsu. Babban taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma cikin 1994 ya karɓi wannan suna na iyalin Allah, Fafaroma John Paul na 2 kuma ya sa hannu a takardar taron a Yawunde cikin 1995. Kalmar tana da daɗin ji. Sai dai kowa ya san iyali iri-iri ne: akwai gidan da maigida ke tara ƙannensa da ƴaƴansa kafin a buɗe rumbu, akwai gidan da sai dai a wayi gari a ga an sayar da sa.

Kwamiti biyu da akwatin baiko

Tun babban taron Vatican na 2, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka rubuta cewa ikilisiya ita ce jama'ar Allah duka, da mai rawani da marar rawani. Dokar 1983 ta juya wannan magana zuwa kwamiti biyu a kowane faris. Na farko kwamitin tafiyar da aikin ikilisiya ne: lokutan sujada, koyar da yara, ziyarar majinyata, bukukuwa. Wannan sai in bishop ya ga ya dace a ke kafa shi, fada ke shugabantarsa, kuma dokar ta faɗa a fili cewa shawara kawai ya ke bayarwa. Na biyu kwamitin kuɗi ne, shi kuwa tilas ne a kowane faris. Har wa yau dokar ta ce masu riƙon dukiyar ikilisiya su riƙa ba mabiya lissafin abin da suka bayar, ta kuma ce mabiyi yana da iko, wani lokaci ma wajibi ne a kansa, ya gaya wa shugabanni abin da ya gani game da lafiyar ikilisiya.

To, a nan gizo ke saƙa. Bari mu yi misali. A ce ƴar majami'a ce ta gidaje 15. Kowace Lahadi ana zaga akwatin baiko, wani ya sa dala 20, wani dala 50, ɗan kasuwa ya sa jika. Bayan girbi manoma su kawo damin gero ko tiyar wake. Shekara ta kewayo, an tara abin da ya kai jika 200. Kwanon rufin majami'a yana yoyo, fada yana son a canja shi kafin ruwa ya sauka. Matan kwamiti kuwa sun ce a sayi gero yanzu da ya ke da araha a ajiye, gama sun san gidaje 4 da rumbunsu ba zai kai watan Yuli ba. Kowa yana da gaskiyarsa. Bisa doka, in an gama magana, fada ke yankewa. In mai sauraro ne, watakila a toshe yoyon da kwalta a bana, a sayi geron. In ba mai sauraro ba ne, sai a sayi kwano, matan su yi shiru, amma baɗi in an kira taro sai a ga kujerunsu babu kowa, akwatin baiko kuma ya yi sauƙi.

Dattawanmu na Agiye da Tasawa za su tuna da sabon tsarin kasuwar gyaɗa da UNCC ta kawo cikin shekarun 1960. Manoma suka zaɓi mai awo da magatakarda daga cikinsu, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci don mutum ya iya karanta sikeli da idonsa, ya san ribar da za ta komo wa garinsu. Inda aka karanta lissafi a bainar jama'a, ƙungiya ta yi ƙarko. Inda littafin ya kwana a aljihun mutum ɗaya, kowa ya san yadda ta ƙare. A ganinmu akwatin baiko bai bambanta da wannan ba. Majami'un da suka sa mutum biyu ko uku su ƙirga kuɗi tare bayan sujada, su sa hannu, a karanta jimla ran Lahadi mai zuwa, sun rufe wa zargi ƙofa, sun kuma sauke wa fada kaya, domin shi ma mutum ne, ba ya son a riƙa binsa da kallo.

Abin da ke faruwa a ƙetaren iyaka

Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, ta Dan Isa da Jibiya. A can ƴan Katolika sun fi yawa, ƙungiyoyin mabiya kuma sun fi ƙarfi. Tun 1973 su ke da majalisar mabiya ta ƙasa baki ɗaya, mai rassa har zuwa faris. Akwai ƙungiyar maza, akwai ta samari da ƴan mata. A arewa kuwa babu kamar Zumuntar Mata Katolika. Duk wanda ya taɓa ganinsu da zane iri ɗaya, da tulu da gora suna waƙa da Hausa, ya ga rabin aikinsu ne kawai. Sauran rabin shi ne adashi, da dafa abincin biki da na makoki, da biya wa marayu kuɗin makaranta, da tara kuɗin gini. Fadan da ya ɓata da Zumunta ya ɗauko wa kansa aiki.

A ƙasar Malumfashi akwai Hausawa ƴan Katolika, da yawansu zuriyar Maguzawa, akwai kuma tsohuwar makarantar horar da katekis a garin. Da can suna ƙarƙashin dayosis na Sakkwato, wanda Matthew Hassan Kukah ke riƙe tun 2011. A watan Oktoba 2023 aka yanke musu dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika. Ga mabiyin ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne: zai iya kai kukansa ga bishop da harshen da ya sha a nono, ba tafinta a tsakani. Abin ya zo daidai lokacin da iyaka ke rufe, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai cikin Maris 2024 aka buɗe ta.

Amma labarin da ya fi nuna inda maganar nan za ta iya kaiwa daga kudu ya fito, daga dayosis na Ahiara a ƙasar Mbaise, jihar Imo. A watan Disamba 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa musu bishop, Peter Okpaleke, mutumin jihar Anambra. Firistocin wurin da mabiya da yawa suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ƙasarsu ta haifi firistoci ɗaruruwa, don me za a ɗauko musu shugaba daga wani wuri, ba a ko tambaye su ba? Aka rufe masa ƙofar babbar majami'a. Bikin naɗinsa ma a wajen dayosis aka yi shi, cikin Mayu 2013. Shekaru suka wuce babu bishop a gari, yara ba su sami tabbatarwa yadda aka saba ba, masu jiran zama firistoci suna ta jira. A watan Yuni 2017 Fafaroma Francis ya ba kowane firist na Ahiara kwana 30 ya rubuto takardar neman gafara da biyayya, in ba haka ba a dakatar da shi. Wajen 200 suka rubuta. Duk da haka hanya ba ta buɗe ba. A watan Fabrairu 2018 Okpaleke ya ajiye muƙamin, bai taɓa zama a kujerarsa ba. Daga baya aka ba shi sabon dayosis na Ekwulobia a 2020, aka ɗaga shi zuwa kadinal a 2022, su kuma mutanen Ahiara aka ba su ɗan ƙasarsu, Simeon Nwobi.

Mutane sun rabu biyu kan wannan labari. Waɗansu sun ce ƙabilanci ne tsagwaronsa, gama shi da su duk Ibo ne, addininsu ɗaya. In da mutanen Maraɗi sun bi wannan hanya, da ba su taɓa samun bishop ba, tun da na farko daga Burkina ya zo, na biyu daga Gana. Waɗansu kuma sun ce laifin na masu naɗi ne da ba su saurari ƙasa ba tun farko. Mu dai abin da muka gani shi ne, jama'ar da ba ta da ƙofar da za ta shiga ta faɗi ra'ayinta a cikin natsuwa, ta kan faɗe shi da kwaɗo da sarƙa a bakin ƙofa, kuma shekara 5 da aka yi ana ja-in-ja kowane ɓangare ya yi hasara.

Taron Roma

Irin waɗannan abubuwa, da kuma abin kunyar firistocin da suka ci zarafin yara a ƙasashe da dama shugabanni suka rufe, suna cikin dalilan da suka sa maganar sauraron mabiya ta yi ƙarfi. A watan Oktoba 2021 Fafaroma Francis ya buɗe wani dogon taro da a ke kira sinod, kalmar Girkanci mai nufin tafiya tare a hanya ɗaya. Ya umarci kowane dayosis na duniya ya zauna ya saurari mutanensa, har da waɗanda suka daina zuwa majami'a. Abin da aka ji a tattara a kai wa taron bishop-bishop na ƙasa, daga nan zuwa na nahiya. Na Afirka an yi shi a Adis Ababa cikin Maris 2023. Sa'an nan aka yi zama biyu a Roma, Oktoba 2023 da Oktoba 2024.

Abin da ba a taɓa gani ba shi ne, an ba mutum 70 waɗanda ba bishop ba ikon jefa ƙuri'a, kuma cikin dukan masu ƙuri'a akwai mata 54. Ba a jera su sahu-sahu manya a gaba ba. Tebura masu kewaye aka kafa, mutum wajen 10 ko 12 a kowane, kadinal kusa da ɗaliba. Yadda a ke magana ma abin koyi ne. Kowa ya yi nasa bayani na ƴan mintoci, ba mai katse shi. Sai a yi shiru. A zagaye na biyu ba ka maimaita ra'ayinka, sai dai ka faɗi abin da ya taɓa ka cikin maganar wani. Sai a zagaye na uku a ke neman inda aka haɗu da inda aka rabu. Wanda ya san taron gari, inda masu babbar murya uku ke cinye yini, zai gane amfanin wannan dabara. Ba ta bukatar kuɗi, a gindin gawo ma ana iya yin ta.

Ran 26 ga Oktoba 2024 aka jefa ƙuri'a kan takardar ƙarshe, sakin layi 155, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi shan suka shi ne na matsayin mata a ikilisiya: 258 suka yarda, 97 suka ƙi. Fafaroma ya karɓi takardar yadda ta ke, ya ce a yi aiki da ita. Ba ta ƙwace ikon yanke magana daga hannun bishop da fada ba. Abin da ta nema shi ne kwamitocin shawara su zama tilas, su riƙa zama da gaske, a sa mata da samari da matalauta a ciki, a riƙa fitar da lissafin kuɗi kowace shekara, inda hali ya yi ma wani daga waje ya bincika. Ta kuma ce shugaban da ya saurari shawara sa'an nan ya bi wata hanya dabam, sai da dalili mai ƙarfi, kuma ya bayyana dalilin. A misalinmu na kwano da gero, watau fada zai iya sayen kwanonsa, amma sai ya tsaya gaban matan ya faɗa musu don me.

Akwai wata magana da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, ita ce ta auren mace fiye da ɗaya. Dokar Katolika mace ɗaya ce. To, magidanci mai mata biyu da ya zo neman baftisma, wace zai saka, ina za ta nufa da ƴaƴanta? Ƴan Afirka ne suka kai wannan tambaya taron, aka kuma danƙa wa ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, su yi nazari a kanta. Katekis na ƙauye da matan Zumunta sun fi kowa sanin gidajen da maganar ta shafa.

Tsibiri da ƙauyukanta

A nan kusa da mu akwai wurin da aka gwada sauraron jama'a tun kafin taron Roma. A 2006 wata sista ƴar Senegal, Marie-Catherine Kingbo, ta kafa ƙungiyar sistoci a dayosis na Maraɗi, ta farko da aka haifa a ƙasar Nijar, suka zauna a Tsibiri, suka kuma buɗe wurin kula da yara masu tamowa a Dan Bako. Mutanen da su ke yi wa aiki kusan duk Musulmi ne. Da suka so taɓa maganar aurar da yara ƙanana da barin ƴan mata su yi karatu, sai suka riƙa kiran taro na masu gari da limamai da mata da samari, kowa ya faɗi abin da ya gani a garinsu. Bashin jari na mata da ajiyar hatsi kuma matan ƙauyukan ke riƙe da lissafinsu. Ta rasu a 2021, ƙungiyar tana ci gaba da aiki.

Haka kuma tun 2019, da ƴan gudun hijira suka kwararo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da waɗansu a Cadakori da Garin Kaka da Dan Daji Makau, masu aikin agaji sun ga cewa rabon da ba a sa kwamitin masu karɓa a ciki ba, rigima ke biyo bayansa. Ƴan Katolika suna da tasu ƙungiyar agaji, CADEV, tun 2005, mai ofis a Maraɗi, kuma yawancin ma'aikatanta ba firistoci ba ne, da dama ma Musulmi ne. Mutanen Dan Saga a gundumar Agiye za su ce ai mu mun daɗe da sanin haka: sashen itatuwan da suka farfaɗo a gonakinsu bai tsira daga gatari ba sai da aka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya.

Sauran aiki yana nan a ƙananan abubuwa. Ma'aikacin gwamnati shi ya iya rubutu, shi a kan ba magatakarda, amma bayan shekara 2 an canja masa gari, ya tafi da littafin a cikin akwatinsa. Matar aure ba ta son ta yi magana gaban surukinta. Saurayi ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya tun bayan girbi. Manomin da ya bar noma ya hau mota zuwa taro a Maraɗi, wa zai biya masa kuɗin mota da yinin da ya rasa? Ga kuma tsoro: tun da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai ran 16 da 17 ga Janairu 2015, waɗansu mabiya sun fi son su yi sujadarsu su koma gida, kada sunansu ya fito a wata takardar kwamiti.

Fafaroma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilu 2025. Wanda ya gaje shi ran 8 ga Mayu, Leo na 14, yana cikin waɗanda suka zauna a teburan nan na Roma, kuma ya bar jadawalin aikin yadda aka tsara. Kowane dayosis, har da na Maraɗi da na Katsina, zai gwada abin da takardar ta ce, a auna abin da aka yi cikin 2027, sa'an nan a sake haɗuwa a Roma a watan Oktoba 2028.